Laifin Ƙwallo, Dukan Yashi

A wasan golf, aikinka ka bugi ƙwallo. Amma ranar da ta nutse a kwarin yashin da ke dab da rami, sai ɗan kanta ake hange, masu koyarwa cewa suke kul ka taɓa ta! Yashin bayanta za ka sara, shi zai ɗauko ta.

Doka kuma ta hana ka jingina sandarka a yashin kusa da ƙwallon kafin bugu. In ka yi, tarar bugu biyu ce. To, ka sara da ƙarfi: yashi ya cika maka baki da takalmi, ƙwallo ta fito ba birki, ta wuce ramin ko sallama babu.

Manya ma ba su tsira ba. A gasar Open ta 1978 a St Andrews, Tommy Nakajima na Japan sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fita daga yashin rami na 17, ya tashi da bugu tara.

Bayan wannan wulaƙanci, ladabi ya ce ka ɗauki manjagara ka gyara wurin tsaf, domin na bayanka ya sha tasa wuyar cikin tsabta.