Zuwa ga Bazazzagi, Mai Koyar da Kwamfuta da Alli

Bazazzagi, bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Yaya Zariya, yaya ƙurar alli?

Labari ya iso mana Kano cewa kai aka ɗora wa kwas ɗin kwamfuta na 'yan aji ɗaya a kwalejinku, wannan da kowane ɗalibi sai ya ci shi, ko Larabci ya zo karantawa ko noma. Da na ji, sai da na dire kofin shayi na yi dariya har na ƙware. Kai fa? Kai da na sani, wanda in zai rubuta sunansa sai ya ɗaga yatsa ɗaya yana shawagi a kan kibod kamar shirwa na neman ɗan tsako? To, Malam Yatsa Ɗaya, Allah ya sanya alheri. Rabo ba ya tambayar gwaninta.

Gani ya kori ji, shi ya sa na kamo hanya, na wuce Kwanar Ɗangora, na lallaɓa na zauna a bencin baya na ajinka. Na tarar kana zana linzamin kwamfuta a jikin allo, har da jela. Wani yaro kusa da ni ya raɗa wa ɗan'uwansa, wannan gafiya ce ko mangwaro? Kai kuwa ka juyo ka gyara tabarau ka ce, "Ku rubuta, kwamfuta shi ne na'uran da yake…" Nan na dafe kai. Kwamfuta dai mace ce ko'ina a ƙasar Hausa, amma tana shigowa ganuwar Zazzau kuka mayar da ita namiji, yadda kuka yi wa matanku. "Matana ya zo, kwamfutana ya mutu." Allah ya shirye ku.

Daga nan ka shiga tarihi, inda ƙarfinka yake. Ka kawo Charles Babbage na Ingila a ƙarni na 19. Ka kawo ENIAC, wadda aka bayyana a Amurka a 1946, nauyinta wajen tan 30, da kwalaben lantarki kusan 18,000 a cikinta. Ban ce ka yi ƙarya ba, duk haka ne. Yara suka haddace tsaf kamar karatun allo. Sai dai da aka tashi na tambayi wata yarinya da ta cika shafi huɗu da rubutu ko ta taɓa kunna kwamfuta da hannunta. Ta ce tukuna dai, Malam ya ce sai zango na biyu. Ta san nauyin wadda aka ƙera kafin a haifi kakanta, ba ta san maɓallin kunna wadda ke bayan bangon ajinsu ba.

Bayan bangon nan fa! Na leƙa ta taga. Ga kwamfutoci a jere, an lulluɓe kowace da leda kamar amare a lalle, ƙofa da kwado, makulli yana aljihun wani bawan Allah da ya tafi ta'aziyya. An ce mini ba a yaye musu lulluɓi sai ranar da baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Dalili? Wai kada yara su lalata. Wato ka sayi keke, ka rataye shi a rufin ɗaki, kana koya wa yaro tuƙi da baki.

To, kada ka kumbura, na san ba duka laifinka ba ne. Aji ya cika ya batse, na'urorin da ke tashi ba su kai yawan yatsun hannu da na ƙafa ba, wuta sai ta ga dama, man janareta kuma sai an rubuta takarda an jira sa hannu. Wannan ko Bakano aka ba sai ya yi gumi. Amma Bakano zai raba su rukuni-rukuni, uku ga na'ura ɗaya, ɗaya na dannawa biyu na jiran layi, kafin a ɗauke wuta kowa ya ɗan taɓa. Kai kuwa sai ka buga handawut.

Ka ce mini ai duk sun iya, tunda da kwamfuta suka yi jarrabawar JAMB. Haba, Farfesan Alli. Gaskiya ne tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma ka taɓa tambayar yadda ake yin ta? A, B, C ko D don zaɓen amsa, N a yi gaba, P a dawo baya, S a miƙa. Yaro zai shiga ya fito da makinsa bai taɓa linzami ba. Sannan ka ce ai ga waya a hannun kowa. Ita ce ma ta ruɗe ka. Manyan yatsunsu sun fi walƙiya sauri a WhatsApp da TikTok, amma waya uwa ce mai shagwaɓa 'ya'ya, ita ke adana komai ba ta faɗa maka inda ta ajiye ba. Zaunar da gwanin TikTok gaban kwamfuta, ka ce ya buɗe folda, ya raɗa mata suna, ya ajiye aikinsa a ciki, gobe ya nemo shi. Sai ka ga zufa. Ba daƙiƙai ba ne, ba a taɓa nuna musu ba ne. Ko ɗan hoton da ake dannawa a adana aiki a Word, ai faifan fulofi ne, mai cin megabayit 1.44, wanda ko hoto ɗaya na wayarsu da wuya ya ɗauka. Ba su taɓa ganin sa ba. Kai kuwa na san kana da ɗaya a durowa, kana ta ajiya kamar takardar gona. Kai musu su gani mana, ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa.

Abin da suke bukata bai taka kara ya karya ba. Yaro ya san danna linzami sau biyu ba tare da ya ja shi ya bar gurbin ba. Ya laluba ya ji ɗan tudun nan da ke kan F da J, ya gane nan ne mazaunin manunan yatsunsa, don kada ya gaje ka. Ya saba da Ctrl da S kamar yadda ya saba da bisimilla, domin a ƙasar nan wanda bai adana ba kafin a ɗauke wuta ya yi aikin baban giwa. Ya san Ctrl da Z na mayar da hannun agogo baya, abin da kai ka so a ce akwai shi ranar da ka goge sakamakon aji guda. Ya iya maƙala takarda a imel. Excel kuwa, ka fara koya wa kanka, domin da idona na ga ka tara maki da kalkuleta kana shigar da jimla da hannu, ita kuma na'urar tana kallon ka tana jin kunya. Kalmar sirrinka ba zan faɗa a jarida ba, saboda zumunci. Amma sunan uwargida da 1234 ba sirri ba ne, ko akuyar gidanku ta sani.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, haruffanmu masu lanƙwasa. Kibod ɗin da ake kawo mana ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai an saita Hausa a ciki ko an nemo su a ma'ajiyar alamomi, kuma aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Ba ka koya musu ba, domin kai ma ba ka iya ba. Shi ya sa katin taron da ka aiko mini ya ce za a karrama "manyan baki". Na duba jerin sunayen, na ga naka a ciki, na ce lallai wannan karon firinta ta faɗi gaskiya.

Ka zo kasuwar waya ta Farm Centre ka ga yaran da ba su taɓa jin sunan Babbage ba, suna warware waya suna mayarwa, don kawai maigidansu ya miƙa musu sukundireba ya ce ɓata ka gyara. Naka kuwa, masu A a takarda, in shekarar ƙarshe ta zo sai su yi layi a shagon buga takardu suna biyan kuɗi shafi-shafi a buga musu furojet, mai shago na gyara musu har sunayensu.

Ka nemo mai makullin nan, ka yaye wa amaren lulluɓi, ko da biyar ne ke numfashi. In abin ya gagara, taho Kano ranar Asabar, zan haɗa ka da ƙaramin ɗana ya ɗora maka yatsu goma a kan kibod, ba za mu faɗa wa ɗalibanka ba. Ka riƙo kuɗin sharar bara da na bana, ban manta ba. Raddinka kuma ina jira, amma ta imel nake so, a buge, da ƙ da ɗ a wurarensu. In ka rubuta da biro ka ɗauki hoto ka turo ta WhatsApp kamar yadda ka saba, wallahi a wannan shafin zan buga shi yadda yake.