Tallan Injin Sola da Hayaƙin Janareto

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mai noman rani a fadamun Tambuwal da Kebbe ya koma yi wa injin ban-ruwansa kallon kishiya. Sai kamfanonin injin sola suka kama sintiri a hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma yawancinsu da bakinsu suke kashe cinikinsu. A tara manoma a ajin firamare, a rataya farin ƙyalle, sannan a tuna babu wutar Nepa. Nan take a tura yaro neman janareto da galan ɗin fetur, don a kunna majigin da zai shaida wa jama'a cewa zamanin fetur ya wuce. In majigi ya kama, shafin farko hoton shugaban kamfani ne cikin kwat, na biyu ginin ofishinsu a Abuja, na uku manufofi da hangen nesa. Kafin a kai ga farashi, wanda aka ɓoye can ƙarshe, an kira La'asar, aji ya watse. Bayan sallah ba mai dawowa sai mai janareto, shi ma kuɗinsa ya zo karɓa.

Ni dai a ganina a juya tsarin nan, ƙarshensa ya koma farko. Bayan gaisuwa, wadda ba a yi mata gaggawa, mai talla ya tambayi dattijon da ke gaba: "Baba, lita nawa injinka ke sha a mako?" Ya bar shi ya yi lissafin da bakinsa, tun daga dashen albasa har cirewa, domin adadin da manomi ya faɗa da kansa ba ya musunsa. Daga nan a nufi fadama, a jona injin sola a rijiya, ruwa ya yi bayani. Sai farashi, da yadda za a biya, da wanda zai gyara in ya lalace. Kuma mai talla ya riga kowa faɗin aibin kayansa: noman rani da hazon hunturu tare suke zuwa, ranar da hazo ya rufe rana ƙarfin ruwan zai ragu. In bai faɗa ba, wani tsoho daga baya zai faɗa masa, a gaban kowa, da murya mai daɗi.

Za a ce mutanen nan ba sa ciniki da wanda ba su san asalinsa ba, don haka tarihin kamfani ne ya cancanci gaba. Gaskiya ne, Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu ya zauna, ba a koya masa darajar asali. Amma asalin da manomi ke tambaya daban ne: wa ya kawo ka, wa ya sayi injinka bara a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, kuma ƙofar wa za a buga in ya tsaya ana tsakiyar ban-ruwa? Hoton bene a Abuja ba ya amsa ko ɗaya, sai ma ya nuna nisan inda za a bi ka.

Wasu kuma na tsoron cewa faɗin farashi da wuri zai kori mutane. Mutumin da ke cacar baki da dillalan albasa kowace shekara ba adadi ne zai firgita shi ba. Ƙari ma, ɓoyewar ba ta hana a sani. Tun kana shafi na biyu ya raɗa wa na kusa da shi, "Wai nawa ne?" Na kusan bai sani ba, amma ba zai yarda a gane ba, sai ya yanko adadi ya ninka. Kafin ka kai shafi na biyar farashin nan ya zagaye ajin, ya fita ta taga, ya isa teburin mai shayi.