Oga Ya Buɗe Littafi, Amma Shafin Asara

Abuja gari ne na taron bita. Da wuya mako ya wuce ba a kama zauren wani otal a Wuse 2 ko Maitama ba, a jera ruwan roba da alawa, a ɗauko masani mai kwat da majigi ya koya wa masu kamfani abin da kakanninsu ba su taɓa ji ba. Karatun da ake yayi yanzu shi ne wai maigida ya buɗe wa ma'aikatansa littafin kuɗi, su ga nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ake bin kamfani bashi. Wai idan masinja ya san lissafi zai riƙe kamfani da amana, har ya riƙa kashe fanka in zai fita. Ogogi suka tafa, suka ci shinkafa da kaza, suka karɓi takardar shaidar halarta, kowa ya koma ofis ya ƙara wa durowarsa kwaɗo.

Karatun dai ba tatsuniya ba ne. A 1983, a garin Springfield na jihar Missouri a Amurka, kamfanin International Harvester ya shiga halin ni-'ya-su, masana'antarsa ta gyaran injina tana gab da rufewa. Manajanta, Jack Stack, shi da abokan aikinsa 12 suka harhaɗa dala 100,000, suka ciwo bashin dala miliyan 8.9, suka saye ta. Wanda ke ɗauke da irin wannan bashi ba shi da sauran asirin rufewa. Sai ya zaunar da makanikai ya koya musu karatun lissafin riba da asara, ana taruwa duk mako a duba alƙaluma, ya kuma ba su hannun jari da kaso idan an ci riba. Kamfanin, mai suna SRC, ya tsaya da ƙafarsa, a 1992 Stack ya fitar da littafi a kan abin da suka yi. Masu majigi suna ba da labarin daidai, sai dai da an iso wajen kaso da hannun jari, lokacin shan shayi yake yi.

Kada a zalunci ogoginmu, su ma suna buɗe littafi. Rana ɗaya ce tak: ranar da wani ya yi ƙarfin halin neman ƙarin albashi. Nan take za a kira taron gaggawa. Oga zai shigo fuska a murtuke, ya baza rasiɗan dizal, takardar kuɗin wuta, kuɗin haya da na haraji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma ninka wa 'yan rukunin A kuɗin wuta fiye da sau uku a Afrilun 2024, bai ƙara rasa abin karantawa ba. "Kun gani da idonku," in ji shi, "don tausayinku kawai ban rufe wurin nan ba." Wanda ya zo neman ƙari sai ya ƙare da cewa, "Allah ya ƙara rufa asiri, ranka ya daɗe," ya fita yana tunanin ko ya ranta wa oga na mota. Shafin kuɗin shiga kuwa ya manne da ɗan'uwansa, ba ya buɗuwa. Bayan mako biyu sai ga sabuwar jif a bakin ofis, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ta wani aboki ce ya ba da ajiya.

Ko da oga ya yi niyya, wanne zai buɗe? Akwai littafin masu haraji, wanda duk mai imani in ya karanta sai ya zubar da hawaye. Akwai na banki, inda kamfanin ke haƙo zinari dare da rana. Na gaskiyar yana cikin kan oga da wayarsa, sai ɗan abin da akanta ya sani, shi kuma akanta ƙanin uwargida ne, ba a jin mutuwar sarki a bakinsa. A kowane littafi layin da ya fi ƙiba shi ne "sauran kashe-kashe". A ciki ake samun kuɗin makarantar yara, Umara, lefen amarya ta uku da ragon sunan ɗan aminin oga. Asusun kamfani da aljihun babbar riga ƙofa ɗaya suke amfani da ita.

Abin ba daga ofis ya faro ba, da shi muka tashi. Shiga kasuwar Wuse ka tambayi wanda tirela ta gama sauke wa kaya, "Alhaji, ya kasuwa?" Zai ce, "Ana dai lallaɓawa." Ɗan canjin Zone 4 da ke zaune a kan jakar dala zai rantse maka tun safe bai karya ba. Muna tsoron baki, muna tsoron hassada, mun fi tsoron ɗan'uwa mai zuwa da gaisuwa doguwa. Mace za ta shekara talatin da miji ba ta san albashinsa ba, sai ranar rabon gado malam ya karanto gidaje a Gwarinpa, ta tambaya ko mamacin da ake nufi nata ne.

Gwamnati ma, uwar kowa, ta nuna mana hanya, kuma a wurinta muka koyi cewa littafin da mutane ba su gani ba, dabbobi suna gani. A Fabrairun 2018 wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36. A 2019 aka ce goggon biri ya yi gaba da naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi ma da goggon biri. A 2022, a nan Abuja, kwamitin Majalisar Dattawa ya ji cewa gara ta cinye takardun kashe sama da naira biliyan 17 na hukumar NSITF. Kamfanin mai na NNPC, da aka kafa a 1977, sai a 2020 ya fara wallafa bayanin kuɗinsa da masu bincike suka tantance. Shekara 43 ke nan, yaron da aka haifa ranar kafa shi ya fara furfura. Amma an ga amfanin buɗewar tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ta fara buga kason jihohi da ƙananan hukumomi a jarida duk wata: ciyaman ya ce ba a turo ba, mai shayi ya zaro jarida daga ƙarƙashin tebur.

To, mu ma'aikata fa, waliyyai ne? A ce oga ya yi kuskure da hantsi ya ce bana an ci riba. Kafin azahar labari ya kai Kubwa da Mararaba. Kafin la'asar matar direba ta haihu, iska ta yaye rufin gidan maigadi a tsakiyar rani, kakar sakatariya ta sake rasuwa. Washegari 'yan'uwa sun sauka a tashar Jabi da buhun gero ɗaya da buƙata goma. Da yawanmu ba mu san bambancin ciniki da riba ba. Muna ganin miliyoyi sun shigo sai mu raba a zuci, mu manta da uwar kuɗi da bashin masu kawo kaya. Mai wayon cikinmu kuma ba ya cewa komai, hoton sunayen kwastomomi da farashin sari kawai zai ɗauka, wata uku ya buɗe nasa a tsallaken titi, ya ma gayyaci oga yanke ƙyalle. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin dariyar shi ne, wannan karatu da ake biyan kuɗin otal a kansa, 'yan kasuwarmu sun daɗe da shi. Yaron shago a Kantin Kwari ya san nawa aka saro bandir, ya san ƙarshen ragi, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa maigida ba ya nan. Da shi ake ƙirga kaya duk shekara a fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in, lissafin da ba a yi wa littafi biyu saboda Wanda ake yi dominSa ya riga ya ga na gaskiyar. In ya yi shekaru ya nuna amana, a ba shi jari a sallame shi, shi ma ya zama maigida. Haka aka yi ta haifar da 'yan kasuwa ba tare da majigi ba. Da muka shiga ofis mai sanyi muka ɗaura naktayi a wuya, sai muka mai da manaja ɗan kallo, ya shekara goma yana sa hannu a takardar da bai san jimillarta ba, sannan oga ya riƙa kukan ba shi da wanda zai bar wa wuri ya je Hajji.

Saboda haka, yallaɓai, kafin taron bita na gaba, fara raba aljihunka da asusun kamfani, ka yanka wa kanka albashi ka tsaya a kansa. Duk ƙarshen wata ka nuna shafi biyun, na shiga da na fita, albashi a dunƙule don kada a yi dambe. Ka sa akanta ya koya wa mutane abin da suke kallo. Kashi 8 na fansho da kake cira a albashinsu, da kashi 10 da doka ta ɗora maka, ka nuna musu shaidar sun isa inda aka ce. Sannan ka rubuta a takarda kason da za su samu in an ci riba, ka cika ranar da ta zo. Mutumin da ke fitowa daga Nyanya tun asuba a kan albashin naira 70,000 ba zai ƙaunaci kamfaninka don ya ga alƙaluma a bango ba, sai ya ga nasa a ciki. Ku kuma ma'aikata, ranar da aka nuna muku riba, ku bar kakanninku su huta a kabarinsu.