Jinjina ga Sarakunan Hatimi

Allah ya ja zamanin masu gwaji, sarakunan hatimi, iyayen gijin takardar shaida, waɗanda in suka ce kwaɗo ya kullu to ya kullu, ko da ɓarawo na cikin ɗaki yana naɗe tabarma!

Wanda bai san girman aikinku ba, ya dubi katin banki ko fasfon da ɗan Barmu ke tafiya da shi ci-rani Abijan. A jikinsa akwai 'yar mitsitsiyar na'ura, a cikinta mabuɗin sirri yake kwance, lambar da ke shaida wa duniya cewa mai kati shi ne mai kati. Mai shi ba ya iya buɗe ta ya duba. To me ma zai kai talaka dubawa, alhali manya sun duba masa sun buga hatimi?

A fara da Infineon na ƙasar Jamus, toron giwa a fagen ƙera irin waɗannan na'urori. Ƙa'idar mabuɗin RSA ita ce a zaɓo manyan lambobi biyu ba bisa wani tsari ba, yadda babu mai iya cankarsu. Gwanayen suka ga wannan wahalar banza ce. Tun daga 2012 manhajarsu ta yanke hanya, tana ƙera lambobin bisa ƙira guda don a samu sauri. Albarkar wannan hikima, wanda ya ga mabuɗin fili, abokin na sirri da ake nuna wa kowa, yana iya lissafo na sirrin, kuma mabuɗi mai tsawon bit 1024, da hayar kwamfuta ta ƙasa da dala 100 ake fasa shi. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan, a sauƙaƙa wa mai kati, a sauƙaƙa wa ɓarawonsa, babu nuna bambanci?

Ku kuwa, ranku ya daɗe, kun gwada, kun auna, kun ba da shaidar Common Criteria mai daraja EAL5+, Amurka ma ta ƙara da tata ta FIPS 140-2. Shekara biyar cur idonku mai albarka bai sauka kan aibu ba, domin mutumin kirki ba ya bin diddigin laifin wanda ya ɗauke shi aiki. Ai tsarin kansa abin a yaba ne: mai kaya shi ke zaɓar ɗakin gwaji, shi ke biyan ladan gwaji, rubutun manhajar kuma a rufe yake ruf, kamar yadda ya dace da duk abu mai mutunci. Zumunci ya ɗore, asiri ya rufu, kowa ya kwana lafiya.

Sai wasu masu karambani a Jami'ar Masaryk ta birnin Brno, waɗanda ba a ba su rubutun ba, ba a kuma gayyace su ba, suka tara mabuɗai suna ƙura musu ido har suka gano ƙirar. A watan Oktoba na 2017 suka yi shela. Kafin Nuwamba ya yi nisa Estoniya ta dakatar da katin ɗan ƙasa kusan 760,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Wane mai gwaji ne kafinku ya taɓa rayuwar mutane da yawa haka da hatimi ɗaya?

Ƙananan ma'aikata da sun razana. Ku kuka dake. A Satumba na 2024 Thomas Roche na NinjaLab a Faransa ya nuna wata baiwar: na'urar Infineon tana jinkiri ko gaggawa gwargwadon sirrin da take lissafawa, ta yadda wanda ya riƙe ta na 'yan mintoci, da kayan aiki na kimanin yuro 10,000, zai saurari numfashin lantarkinta ya kwafe mabuɗin. Shekara 14 wannan baiwa tana nan, ta ratsa gwaji mafi tsanani kusan 80, kowanne ya sallame ta da yabo. Gwaji ɗaya kan yi kuskure, amma gwaji 80 su haɗa baki kan rashin gani, wannan sai zuri'ar da aka yi wa tarbiyya.

Mabuɗan tsaro na YubiKey da ke ɗauke da wannan baiwa, masu manhajar da ta gabaci 5.7, an gina su yadda ba a iya sauya abin da ke cikinsu har abada. Dattijai ke nan, masu magana ɗaya. Wanda zuciyarsa ta kasa natsuwa ya kwance bakin aljihu ya sayi sabo, shi ma da hatiminsa ɗanye shar.