Gadon Kokawa a Garin Sanyi

Akwai wani gida a Gangare da kokawa ta zame musu gado. Kaka ya zo Jos haƙar kuza zamanin Turawa, in an tashi aiki ya yi ta kayar da ƙarti. Uba ya gaji layu da kirari. Yanzu jika yana sakandare, kowa a gidan ya san wanda ya kayar, ba wanda ya san makinsa na lissafi.

Ran da ya sha ƙasa, kaka ya ce sanyin Disamba ne, uba ya ce alƙali ne. Uwa ta ɗora ruwan zafi ta ce, "Malam, a Nijar tun 1975 takobi ake ba zakara. Ku me kuka taɓa kawo mini in ban da targaɗe?"