Bazazzagin da ya yi farauta a kanti

Bawana na Zariya, bayan gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa baransa, ina fatan gajiyar jirgi ta sake ka. Na so in rufa maka asiri, amma abin da idona ya gani a falonka ranar Asabar ya fi ƙarfin ciki ɗaya, sai an raba shi da jama'a.

Wata tara aka tura ka Jamus ƙaro ilimi. Mu a Kano, in mutum ya yi wata tara a ƙasar da ake ƙera Marsandi, ba a tambayarsa abin da ya karanto, kwantenarsa ake jira a Legas. Ko da na ji ka sauka sai na sha mai na kamo hanya, ina ta lissafi a zuci, ko agogo ne tsarabata, ko turare, in ta yi tsiya dai takalmi. Na iso Tudun Wada ka tare ni da Turancin nan naku na Zagezagi wanda ba ya ƙarewa, ko ruwa ban sha ba ka ja hannuna zuwa gaban wani kabad mai gilashi, ka zaro makulli daga aljihun 'yar ciki, ka ce in buɗe ido in ga dajin Turai.

Na kuwa buɗe. Namun daji ne na roba, jere reras kamar 'yan makaranta a layin safe, babbansu bai cika tafin hannu ba. Ga barewar Turai mai ƙaho rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya, ga kerkeci, ga beyar a tsaye bisa ƙafa biyu, ga wata ƙatuwar kyanwar daji mai tukku a kunne, ga dila ja, ga zomo. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai kam ka ci naka a tsaye, a gaban kanta, har da rasit.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne autanka. Yaron nan ya manna hanci a gilashi har numfashinsa ya rufe shi, ya ɗago ya ce, "Baba, ina kura?" Ka shiga yi masa lacca. Ni kuwa na ce yaron ya fi ubansa hankali, jinin kakarsa Bakanuwa ne ya motsa. Dajin da ba kura, wa zai yi wa yara tatsuniya da shi? Malamai sun yi wa ƙananan yara rangwame a kan 'yar tsana, amma ban taɓa jin an faɗaɗa fatawar ta kai ga mai furfura a gemu ba, balle wanda ya kulle kayan wasan ya hana masu haƙƙi taɓawa.

Sai kuma bushiya. Wallahi bushiya! Ka bar ta tana yawo a bayan katangar gidanka kowace damina, kyauta, ka haye teku ka sayo ta da kuɗin Yuro. Da ka faɗa mini, da na sa almajirai sun cika maka buhu.

Akwai kuma wanda ka ɓoye a bayan barewa, kana tsammanin idon Bakano ba zai kai wurin ba. Na tambaye ka, ka yi tari, ka ce gadun Turai ne. Gadu yana da kumburi a fuska da haure masu lanƙwasa sama, na san shi a Yankari. Wannan naka aladen daji ne, Alhaji, irin wanda ke shiga unguwannin bayan garin Berlin yana tone wa mutane lambu da dare. Ka je Hajji sau biyu, ka dawo ka ajiye alade a falo ƙarƙashin agogon da ke kiran salla. Na yi alkawarin ba zan faɗa wa liman ba, ban dai yi alkawarin ba zan rubuta ba.

To, bari in yi maka adalci ko da ba ka cancanta ba. Da ka shiga ciki ɗauko shayi, na saci jiki na ɗauki wata ɓauna mai tozo da gemu, na juya ta a hannu, kuma aikin ya yi kyau. Gashin wuyan nan kamar ka shafa ka ji laushi, ido an ɗiga masa baƙi da ɗan haske, kofato an raba shi biyu yadda Allah ya halicce shi. Kamfanin Schleich ne ya yi ta, wanda Friedrich Schleich ya kafa a 1935 a garin Schwäbisch Gmünd da ke kudancin Jamus. A 1965 suka fara ƙera 'yan shuɗɗan mutanen nan masu farar hula da ake kira Smurf, daga baya ne suka shahara da dabbobi. Sai gwani ya sassaƙa siffar farko, a yi mata mazubi, a narka roba a zuba, sannan a bi da burushi a yi fenti da hannu ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ka gaya mini, har sau uku. Abin da ba ka gaya mini ba shi ne rubutun da na gani a cikin kerkecinka da na kifa shi: a Sin aka yi shi. Ka je Jamus ka sayo kayan Sin a farashin Jamus. Da ka tambayi ubangidanka, yaran shagona da ke zirga-zirgar Guwanzu sun fi goma.

Ita ɓaunar ce ta tsaya mini a rai, don ka san hotonta ne kawai, ni kuwa na bi labarinta. Ita ce mafi girman dabbar tudu a Turai, babban sa yakan haura kilo 800. Mafakarta ta ƙarshe a fili ita ce dajin Biyalowieza, kan iyakar Foland da Belarus ta yau. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, sojoji da mayunwatan mafarauta suka far mata, zuwa 1919 ba ko ɗaya a dajin. 'Yan uwanta na duwatsun Kaukasus suka ƙare a 1927. Da aka ƙirga na gidajen zu da gandun masu kuɗi, 54 aka samu a duniya baki ɗaya, kuma duk wadda ke numfashi yau, dubbai ne, daga guda 12 kacal ta fito. Sai 1952 aka fara sakinsu a dajin kakanninsu. Ka ga ke nan akwai lokacin da kabad ɗinka, da ka ƙara ƙoƙari kaɗan, da ya fi nahiyar Turai ɓauna.

Bunsurun dutsen nan kuma, mai ƙahon da ya kusa mita a jikin na gaske, wanda ka ɗora bisa kwalin ashana wai dutse ne, shi labarinsa na sata ne, shi ya sa na san zai yi maka daɗi. Turawan da suka yi ta yi wa 'yan magorinmu dariya, su ma sun yi imani ƙahonsa da jininsa da wani dutse da ake samu a tumbinsa magani ne. Suka yi ta harbi har saura kamar ɗari a dutsen Gran Paradiso na Italiya. Sarki Victor Emmanuel na Biyu ya killace wurin a 1856, ba don tausayi ba, don ya riƙa farauta shi kaɗai, sai rowar sarki ta zama rigar bunsuru. Mutanen Suwizalan, da nasu suka ƙare tuntuni, suka nemi a sayar musu aka hana. Sai suka haɗa baki da ɓarayin farauta, a 1906 aka yi fasa-ƙwaurin 'yan jarirai zuwa St. Gallen, aka raine su da madara a kwalba, a 1911 aka fara sakin zuriyarsu a duwatsu. Ƙasar bankuna da agogo, da satar 'yan awaki ta gyara dajinta. Ka riƙe wannan, wata rana in akuyar maƙwabci ta kwana a gidanka sai ka ce kiwon muhalli kake yi.

Amma wanda ya fi nuna mini halin mutanen da ka kwaikwayo shi ne beyar. Kowane kantin kayan wasa a Jamus cike yake da shi, na roba da na auduga, yara suna kwana rungume da shi. A watan Mayun 2006 sai ga na gaske ya tsallako daga arewacin Italiya ta Ostiriya ya shigo Bavariya a Jamus, na farko cikin kusan shekara 170. 'Yan jarida suka raɗa masa suna Bruno, aka yi ta murna. Baƙo ya ji yunwa, ya ci tumaki, ya fasa amya, ya leƙa akurkin kaji. Aka ɗauko mafarauta da karnuka tun daga Finland don a kama shi da rai, ya yi ta ba su wahala a duwatsu. Ranar 26 ga Yuni aka bindige shi. Yanzu yana wani gidan tarihi a Munich, an cusa masa ciki an tsayar da shi a gaban amya, a cikin gilashi, kamar dai naka. Bajamushe yana son beyar ƙwarai, muddin ba ya cin abinci. Kerkeci ma da ya dawo da kansa, aka ga 'ya'yansa na farko a shekarar 2000 a wani filin atisayen soja a Lausitz, har yau makiyayan tumaki da masu kare namun daji ba su daina musu a kansa ba. Naka dai bai taɓa cin ɗan akuyar kowa ba, wannan na shaida.

Da ka yi shawara da ni kafin ka tafi, da na tura ka Seiffen, wani ƙauye a duwatsun Saksoni kusa da iyakar Cek. Mutanensa masu haƙar kuza ne a da, kamar na Jos, da kuzar ta ja baya suka koma sassaƙa. Wajen 1800 suka fito da wata dabara wadda ni ɗan kasuwa na cire mata hula. Za a ɗora ɗanyen gungumen icce a kan injin juyi, yana wulwulawa gwani yana shiga da kurfi, har ya fitar da zobe kamar gammo. Kai mai kallo ba ka ganin komai sai gammo mai kwari da tudu. Sai ya sa wuƙa ya tsaga, nan take bakin tsagin ya nuna siffar doki ko barewa, ya yi ta yankowa kamar mai sayar da burodi, dabbobi gommai daga zobe ɗaya. Gwanin ba ya ganin dabbar sai ya gama, a kansa take tun farko. Wannan ita ce sana'a, kuma wannan ne ciniki: aiki ɗaya, riba gommai. Kai ka wuce wannan ka shiga kanti mai na'urar sanyi.

Ina ma mamakin yaushe ka fara son dabbobin wasa. Ni ban manta ba lokacin da ake kawo ka hutu gidan kakarka a Kano, muna zuwa bakin kududdufi mu kwaɓa yumɓu mu gina shanu, mu soka musu ƙaya a matsayin ƙaho, mu shanya a rana. Shanun kowa suna tsayuwa, naka kaɗai ke kifewa, don kullum ƙafa uku kake yi musu ka ce ta huɗun tana bayan ɗaya. Tun a lokacin bayani ya fi aiki yawa a wurinka. Ashe haushin nan ne ka riƙe shekara arba'in, sai da ka samu wanda Bature ya yi wa ƙafa huɗu.

A can saman kabad na hango farin tsuntsun nan mai jan baki da dogayen ƙafafu, ɗan uwan shamuwarmu. Shi kaɗai ne a cikin taron ya san hanyar gida, don irinsa kan baro Turai in sanyi ya gabato, su tsallako ta mashigin Jibralta su ƙetare Sahara su yi rani a ƙasashenmu na Sahel. Turawa sun daɗe suna musun inda tsuntsaye ke ɓacewa da hunturu, har wasu na cewa cikin taɓo suke kwana. A 1822 aka harbo ɗaya kusa da Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar nan duka da shi. Yana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Ka duba fa, tsuntsu ya zo Afirka ya koma da tsarabar da ta kashe musun malamai. Kai ka je Turai da guzurin gwamnati ka dawo da bushiya.

Yanzu ga hukunci. Watan cika-ciki ya ƙarato, kuma shekara uku ke nan ina bin ka kuɗin shara kana ce mini canji ya tashi. Na yafe kuɗin. Ka naɗe ɓaunar nan a takarda ka ba direban Kano na farko da zai tashi daga Kwangila, zan sa yaro ya jira a tashar Unguwa Uku. Makullin kabad kuma ka miƙa wa autanka, shi ne mai dajin. Aladen ka riƙe abinka, Zariya ta fi dacewa da shi.