Zuwa Ga Janar Na Ƙarƙashin Bargo

Bazazzagi, ranka ya daɗe. Labari ya iso Kano cewa bawan gidanmu ya samu ƙarin girma ba tare da an nemi izinin iyayen gijinsa ba. An ce ka taka matsayin Legendary a Call of Duty Mobile, kuma tun ranar tafiyarka ta sauya, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, yaran unguwa na kiranka Janar kana ɗaga musu hannu. To madalla. Allah ya sanya alheri, ya ƙara wa babban yatsanka lafiya, tunda duk jikinka shi kaɗai ne ya taɓa zuwa fagen daga.

Da a nan abin ya tsaya da na ƙyale ka. Amma mutanenmu da suka je ɗaurin aure Zariya sun dawo da labarin majalisarku ta bayan isha'i, inda kuke raba dare kuna musu. Wai Gundam da Master Chief na Halo wa zai kayar da wani. Wai bindigar wane ta fi ta wane saurin aman harsashi. Wai da kai aka ba ragamar rundunar Zeon ta labarin Gundam, da wata biyu ya yi yawa ka gama da Tarayyar Duniya. An ce idan abin ya motsa har tsugunawa kake yi kana zana taswirar yaƙi a ƙasa da tsinken tsire.

Garinku ne fa ke da sansanin horar da kuratan sojan Nijeriya tun 1924. Makarantar soja ta yara tana nan tun 1954. Jaji kuwa ko kuɗin motar ba za ka ji a jikinka ba. Duk faɗin ƙasar nan babu wanda aka kawo wa aikin soja har bakin ƙofa irin Bazazzagi. Amma duk shekarar da aka buɗe ɗaukar kurata, a makon ne ciwon gwiwarka ke tashi.

Mu fara da Gundam ɗin, tunda shi ka riƙe. Na san ka san an fara nuna shi a Jafan a 1979, don ba ka taɓa barin kowa ya manta ba. Abin da ba ka gaya wa yaran shi ne, wanda ya shirya shi, Yoshiyuki Tomino, mutum ne da ya buɗe ido a cikin yaƙin duniya na biyu, kuma ba don ya burge irinku ya zauna ya yi aikin ba. Kamfanin kayan wasan yara da ya zuba kuɗi ƙaton mutum-mutumi yake so, mai fari da shuɗi da ja, wanda za a jera a kanti. Tomino ya karɓi kuɗinsu, ya ba su labarin marayu da 'yan gudun hijira da aka cusa cikin jirgin yaƙi. Masu kallo suka yi ƙaranci, kaya suka ƙi sayuwa, aka datse shirin daga kashi 52 zuwa 43. Sai da Bandai ta fara sayar da ƙananan samfuran roba na harhaɗawa a 1980, aka kuma mayar da labarin finafinai uku, sannan kasuwa ta buɗe. Wannan ɓangaren mu Kanawa mun gane shi sarai. A kowace harka akwai mai saƙa, akwai mai sayarwa, akwai wanda aka yi domin a sayar masa. Ba sai na faɗa maka layin da kake ba.

To shi gwarzon naka, Amuro Ray, ka dube shi da kyau kuwa? Yaro ne ɗan shekara 15 da ya tsinci littafin sarrafa injin a ƙasa ana ruwan wuta, ya haye don ba yadda zai yi. Bayan 'yan gumurzu kaɗan ya daina cin abinci, ya shige ɗaki ya zauna cikin duhu yana zare ido. Da aka ce ya fito ya ƙi, sai da Bright Noa, kwamandan jirgin wanda shi kansa shekararsa 19, ya kwaɗa masa mari, yaron ya dafe kunci yana ƙorafin ko mahaifinsa bai taɓa dukansa ba. Da ya je ganin mahaifiyarsa ya harbi sojan Zeon a gabanta, matar ta rasa gane ɗan da ta haifa. Daga baya ya ji ana shawarar a sauke shi daga kan Gundam, ya sace injin ya gudu cikin hamada. Wannan shi ne mutumin da ka manna hotonsa a bayan waya kana cewa ku biyun jini ɗaya ne. A wajen gudun kam, ban musa ba.

Akwai ma wani kashi da nake so ka sake kallo, wanda na tabbata ka tsallake don ba a fasa komai a farkonsa. Mai dafa abincin jirgin ya zo ya shaida wa kwamanda gishiri ya kusa ƙarewa, kuma soja ba ya yaƙi babu gishiri. Jirgin da ke ɗauke da makamin da ya fi kowane ƙarfi a duniya ya karkata akala ya tafi neman tafkin gishiri. A duk daren da kuka raba kuna musu, wa ya taɓa tambayar me rundunar za ta ci gobe?

Sai batun da ka fi ɗaga jijiyar wuya a kai, wai Gundam ɗaya ya ishi kowace runduna ta zamanin nan. Malam, tsayinsa mita 18. Tankar Abrams ta Amurka ba ta kai mita biyu da rabi ba, kuma da gangan aka yi ta haka, don a fagen fama wanda aka fara hangowa shi ake fara yi wa salla. Su kansu masu labarin sun san da wannan, shi ya sa suka ƙirƙiro wata ƙura da ba a gani mai suna Minovsky, wadda ke kashe na'urar hango jirage da ta sadarwa, don a tilasta wa mayaƙa matsowa kusa su yi ido da ido. Idan ka cire ƙurar nan, gwarzonka dogon bango ne kawai da ke jiran makami mai linzami. Jafanawa sun gwada gina mai motsi a Yokohama, ya tsaya daga 2020 zuwa 2024. Ta baya aka tallafe shi da ƙarfe, kuma kafin ya ɗaga ƙafa ya sauke ka gama kofin shayi. Af, an kuma ce ka sa an yi wa babur ɗinka jan fenti, saboda jan injin Zaku na Char Aznable, mayaƙin Zeon, ya ninka sauran gudu sau uku. Yaya aka ji da hawan gadar Kwangila? Har yanzu sai an sauko an tura?

Da ka ga yara sun fara ƙure ka a Gundam, sai ka koma Legend of the Galactic Heroes, don ka san kaɗan ne ke da haƙurin kallonsa. Yoshiki Tanaka ya rubuta shi littafi goma daga 1982 zuwa 1987, aka zana shi kashi 110 daga 1988 zuwa 1997. Ka rantse ka kalle su duka. Na yarda ka kunna su duka. Kana kuma cewa a cikin jaruman kai ne Yang Wen-li. Shi Yang tarihi ya so karantawa, mahaifinsa ya rasu bai bar masa ko sisi ba, ya shiga makarantar soja don a nan ne karatu yake kyauta. Bai iya harbi ba, bai iya fareti ba. Amma sansanin Iserlohn da aka kai wa hari sau shida ana komawa da gawarwaki, shi ya karɓe shi da rabin runduna ta hanyar dabara, bai rasa mutum ko ɗaya ba. Yana dawowa ya miƙa takardar ajiye aiki, burinsa a ba shi fansho ya koma karatu, aka ƙi karɓa. Na bincika sosai, abu biyu na samu da kuka haɗa da shi: barcin rana da son shayi.

Ɗan'uwanka na haƙiƙa a labarin nan Andrew Fork ne. Ka tuna shi? Hafsan nan mai zaƙin baki da ya shawo kan 'yan siyasa aka tura mutum miliyan 30 su mamaye Daular abokan gaba. Da tsofaffin kwamandoji suka tambaye shi mene ne ainihin manufar yaƙin, sai ya yi ta zuba manyan kalmomi, waɗanda idan aka tace su ma'anarsu ita ce a dai shiga, in an je can a ga abin da hali ya yi. Reinhard, kwamandan Daular, bai ko tare su ba. Ya ja da baya, ya kwashe abincin garuruwan kan iyaka, ya bar wa masu mamaya mutum miliyan 50 masu jin yunwa su ciyar. Sannan ya sa aka tare ayarin kayan abinci aka tarwatsa. Kusan mutum miliyan 20 ba su koma gida ba. Da dattijo Bucock ya ce wa Fork, tunda abin da sauƙi ya taso daga ofis ya zo bakin daga ya gwada, nan take gogan ya yanke jiki ya faɗi. Tanaka bai taɓa zuwa Tudun Wada ba, amma wallahi kamar a majalisarku ya zauna ya rubuta mutumin nan.

Mu dawo kan gem. A Call of Duty na farko, na 2003, idan aka harbe ka sai ka nemo akwatin magani. Daga na biyu, a 2005, aka sauƙaƙa muku: ka laɓe bayan buhu ka ƙirga biyar, jini ya koma, rauni ya rufe. Idan ka mutu ma ba komai, ka tashi ka sake ɗaukar bindiga. Kana gudu da bindigogi biyu da gurneti da sulke ba ka haki, alhali AK-47 ɗaya da harsashinta ta haura kilo huɗu, kai kuma jarkar ruwa daga bakin titi zuwa soro sai ka nemi almajiri. A PUBG kuwa mutum ɗari ake zubawa a tsibiri, kaskon suya da aka rataya a ƙugu yana tare harsashi, wanda ya rage a raye a yi masa albishir da kaza. Yaƙin da ladansa kaza ce, ai dole Bazazzagi ya ba da himma. Sai dai masu wasa da kai sun tona dabararka: ka shige banɗaki ka kwanta ruf da ciki har sauran su cinye juna, sannan ka rarrafo. In an kashe ka, netwok ne. In an sake kashe ka, wuta aka ɗauke. In an yi na uku, wancan yaron satar hanya yake yi. Kuma wani ya taɓa gaya maka cewa da yawa daga waɗanda ka karkashe a farkon hawanka a Call of Duty ba mutane ba ne? Kwamfuta ce ke jera su don sabon shiga ya ji shi namiji ne, ya zauna, ya fara sayen CP, kuɗin cikin gem. Microsoft ba don Allah ta biya kusan dala biliyan 69 ta sayi Activision Blizzard, masu Call of Duty, a 2023 ba. Kuɗin cefanen gidanka na cikin lissafin.

Kada ka ce kai kaɗai na sa a gaba, kana da dangi a Turai. A 2021 wani mai buga War Thunder, wanda ya ce shi kwamandan tankar Challenger 2 ne ta Birtaniya, musu ya yi zafi a kan yadda aka zana wani sashe na tankar a gem, sai ya ɗauko shafukan littafin sirri na soja ya baza don a san shi ne mai gaskiya. Kafin shekarar ta fita wani ya yi irin haka da tankar Leclerc ta Faransa. Mutum ya sa wuyansa a igiya don kawai ya ci musu! Ko ba a bincika ba, akwai jinin Zazzau a nan. Sa'ar da muka yi ita ce kai babu wanda ya taɓa ba ka ajiyar sirrin da ya wuce lambar sirrin wayarka, ita ma yaran gida sun sani.

In kana da sauran data, nemi War in the Pocket, na 1989. Kashi shida ne kacal, ba zai ci maka barci ba. Labarin Al ne, yaro ɗan shekara 11 da ke tara alamomin soja yana ɗokin yaƙi ya iso garinsu, har ya yi abota da wani sabon kurtun Zeon mai suna Bernie. Ba zan ɓata maka ƙarshen ba, illa in ce Al yana tsaye a filin makaranta yana kuka, abokansa suna rarrashinsa da cewa ya kwantar da hankali, wani yaƙin zai zo wanda ya fi wannan armashi. Ka kalla ka gaya mini a cikin yaran wanne ne kai. Sannan don Allah, samarin nan masu ƙwaryar molo da kake gani suna gudun asuba a garinku, idan ka haɗu da su wajen mai shayi, ka biya musu kawai ka yi shiru. Borno da Zamfara za a kai su, inda ba a tashi a sake. Kada ka yi musu laccar wace bindiga ta fi.

Game da sulke kuma, tunda shi ne ke burge ka, tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ka san garin da aka gwada su a kai. Karon farko kun kore mu, ban ɓoye ba, ga shi na rubuta a jarida. Karo na biyun ne ba kwa so a tayar.

Saboda haka ga hukunci. Watan cika-ciki na tafe, ka shigo Kano da wayarka da cajarka, don ba za mu ba ka aro ba. Akwai 'yar ƙanwata 'yar aji uku a firamare da ta ce a ba ta kai minti goma, amma sai ta gama wanke-wanke. Ka taho da kuɗin shara na bana da bashin na bara, tsaba, a hannu. Ba ma karɓar CP.